Wai da gaske a kan 'yancin addini aka kafa Amurka?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sha jin masu sharhi suna cewa Turawan da suka fara zama a Amurka zaluncin addini ne ya koro su daga Ingila, shi ya sa tun ranar farko ƙasar ta tsayu a kan kowa ya bi addinin da ya ga dama. To kuma sai na karanta cewa a Boston an taɓa rataye wata mace saboda aƙidarta. Ta ina waɗannan maganganu biyu suka haɗu? Masana tarihi na wannan zaure, don Allah a warware mana.

Malam Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam, Maman Sadiq. Ratayar ta faru. Maganar farko kuwa an yi mata ado da yawa.

Ba addini ne ya kai Ingilishi na farko can ba. Jamestown, wadda aka kafa a 1607 a Virginia, aikin wani kamfani ne na 'yan kasuwar Landan masu neman zinariya. Ba su same ta ba, yunwa ta kusa ƙarar da su, noman taba ne ya tsayar da su da ƙafafunsu. Waɗanda ake yawan ba da labarinsu su ne na jirgin Mayflower a 1620, mutum 102, su ma ba dukansu ne masu gudun addini ba, kuma kusan rabinsu ba su ga ƙarshen hunturun farko ba. Babban ayarin ya zo ne a 1630 ƙarƙashin John Winthrop, su ne suka kafa Boston. Ana kiran su Puritan, mutanen da ke ganin Cocin Ingila bai gama rabuwa da al'adun Katolika ba.

Abin da suka haye teku don shi shi ne su samu ƙasar da za su yi addini yadda su suka fahimce shi, ba wadda kowa zai yi nasa ba. Tun 1631 suka sa doka cewa ba mai zaɓen shugabanni sai cikakken ɗan coci. Zuwa coci ranar Lahadi dole ne, albashin fasto kuma daga harajin gari yake fitowa.

Matar da kike magana Mary Dyer ce, 'yar ɗarikar Quaker. Su Quaker suna cewa kowane mutum, namiji ko mace, yana iya samun hasken Ubangiji a zuciyarsa ba sai ta hannun limami ba. Ba sa rantsuwa a kotu, ba sa cire hula don mai mulki. An kore ta daga Boston, ta dawo. A 1659 aka kai ta bakin itacen rataya tare da maza biyu, aka rataye su tana tsaye, ita ma har an sa mata igiya a wuya sannan aka ce an yafe mata, ta fita daga gari. Ta sake dawowa. Ranar 1 ga Yuni 1660 aka rataye ta. Quaker huɗu aka kashe haka tsakanin 1659 da 1661, sai da Sarki Charles na Biyu ya aiko da umarni daga Ingila sannan aka daina.

Maman Sadiq:
Innalillahi. Ke nan ɗan sarkin da suka guje wa mulkinsa shi ne ya hana su kisa. Na gode, Malam.

Anti Hauwa:
Kafin Mary Dyer akwai ƙawarta, Anne Hutchinson, kuma ni labarinta ya fi tsaya min a rai. Mace ce mai karɓar haihuwa, matan gari sun san ta sun yarda da ita. Sai ta fara tara mata a ɗakinta suna bitar wa'azin Lahadi, har maza suka fara zuwa. Da ta fara cewa wasu fastoci sun karkace, aka gurfanar da ita a 1637, Winthrop da kansa yake mata tambayoyi, tana mayar masa da ayoyin Littafi Mai Tsarki. A 1638 aka kore ta da iyalinta. Abin da ya ƙona musu rai ba aƙidar kaɗai ba ce, har da cewa mace ce ke karantar da maza.

Almajirin Ilimi:
Allah ya gafarta Malam, ni ina ganin a yi musu adalci. A wancan zamani wace ƙasa ce a Turai ta bar kowa da addininsa? Kuma waɗannan mutane sun kafa Harvard a 1636, shekara shida kacal da saukarsu. A 1647 suka yi doka cewa duk garin da ya kai gida 50 sai ya ɗauki malamin da zai koya wa yara karatu da rubutu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Mai Tarihi:
Gaskiyarka, ɗana, kuma dalilin dokar addini ne: so suke kowane yaro ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Shi ya sa yankin ya zama cikin wuraren da suka fi yawan masu karatu a duniyar wancan lokaci. Amma kada a ce ba wanda ya san wata hanya. Akwai wanda ya faɗa musu a fuskarsu, Roger Williams, shi ma fasto ne kuma Puritan. Ya ce hukuma ba ta da hurumi a kan abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, ibadar dole kuma ba ibada ba ce. Ya ƙara da cewa ƙasar ta mutanen da aka tarar ce, sarkin Ingila ba shi da ikon bayar da ita. A 1635 suka yanke masa hukuncin kora, ya gudu cikin tsakiyar hunturu, 'yan asalin ƙasar suka ba shi mafaka, ya samu fili a hannun ƙabilar Narragansett ya kafa Providence a 1636. Daga nan Rhode Island ta fito, inda babu cocin hukuma. Can Quaker suka fake, can Yahudawa suka zauna a Newport har suka buɗe wurin ibadarsu a 1763. Williams bai yarda da koyarwar Quaker ba ko kaɗan, ya yi muƙabala da su da tsufansa, amma bai taɓa neman a kama su ba.

Baban Rahila:
Malam, bari in sa baki a matsayina na ɗan cocin Baptist, don wannan tarihi namu ne. Mutane suna ɗauka Kiristoci ne suka zauna lafiya suka yi wa sauran addinai alfarma. A'a. Kirista ne ya fi shan wuya a hannun Kirista.

A Virginia Cocin Ingila ne na hukuma. Albashin limaminsa laba 16,000 ta ganyen taba a shekara, kuma daga gumin kowa take fitowa, ko kana zuwa cocin ko ba ka zuwa. Bayan babbar farkawar addini ta shekarun 1730 da 1740, lokacin da George Whitefield yake tara dubban mutane a fili yana wa'azi, sai talakawa suka fara barin cocin manya suna bin masu wa'azin da ba su da takardar izini. Daga 1768 aka shiga kama fastocin Baptist a Virginia ana kulle su. Wasu ta tagar kurkuku suka ci gaba da wa'azi, jama'a na tsaye a waje suna saurare. James Madison, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yana saurayi ya ga ana yin haka kusa da garinsu, ya rubuta wa abokinsa a 1774 yana nuna takaicinsa.

Bayan samun 'yancin kai, wani ɗan siyasar Virginia, Patrick Henry, ya kawo shawara a sa haraji ɗaya, kowa ya zaɓi cocin da za a ba kuɗinsa. Da ji kamar adalci ne. Baptist suka ce ba sa so, don wanda ya ciyar da coci yau shi zai juya shi gobe. Suka cika majalisa da takardun koke, Madison ya rubuta nasa a 1785, shawarar ta mutu. Sannan a Janairun 1786 aka zartar da dokar 'yancin addini da Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya tsara tun 1777. Masu imani ne suka matsa a raba coci da hukuma, don su tsira da imaninsu.

Ɗan Damagaram:
Ku yi haƙuri, ni wannan yabon bai shige ni ba. Maryland ta yi dokar haƙuri da juna a 1649, ko ba haka ba? Ku karanta ta: Kiristoci kaɗai ta kare, wanda ya musanta allahntakar Almasihu hukuncinsa kisa. Pennsylvania da ake yabo, wanda ya kafa ta, William Penn, ya bar kowa ya yi ibadarsa, amma muƙami sai Kirista, kuma shi kansa yana da bayi. 'Yan asalin ƙasar fa? An fassara musu Littafi Mai Tsarki da harshensu a 1663, wasu suka karɓa suka koma garuruwan masu addu'a, amma da yaƙi ya ɓarke a 1675 aka kwashe su aka zuba a tsibirin Deer cikin sanyi, da yawa suka mutu a can. Wane 'yanci ne wannan?

Malam Mai Tarihi:
Duk abin da ka kawo haka yake, Malam. Har zan ƙara maka. Kundin tsarin mulki na 1787 ya hana a gindaya sharaɗin addini ga muƙamin tarayya, gyaran farko na 1791 kuma ya hana majalisar tarayya kafa addinin hukuma. Amma tarayya kaɗai ya ɗaure, jihohi suka ci gaba da abinsu. Connecticut ba ta daina ciyar da coci da haraji ba sai 1818, Massachusetts sai 1833. Bayahude bai samu damar riƙe muƙami a Maryland ba sai 1826. Kundin North Carolina na 1776 ya keɓe muƙamai ga 'yan Furotesta.

Inda na saɓa da kai shi ne, ba na ɗaukar abin a matsayin ƙarya tsagwaronta. Daga ratayar Mary Dyer zuwa dokar Virginia shekara 126 ce. Abin da aka samu a ƙarshe ba wanda ya sauko da shi daga jirgi. Waɗanda aka kora, aka yi wa bulala, aka kulle, su ne suka ƙwato shi kaɗan-kaɗan. Yawan ɗariku ma ya taimaka, don babu wadda ta isa ta danne sauran duka.

Almajirin Ilimi:
Malam, akwai saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa Jefferson yana da Alƙur'ani, wai daga cikinsa ya ɗebo dokokin Amurka, har ya yi buɗa-baki a fadar shugaban ƙasa. Mene ne gaskiyarsa?

Malam Mai Tarihi:
Rabi gaskiya, rabi ƙari. Ya sayi fassarar Turanci ta George Sale a 1765 yana ɗalibin shari'a, kuma littafin yana nan a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. A kansa Keith Ellison, Musulmin da aka zaɓa ɗan majalisar dokokin Amurka, ya ɗora hannu a bikin rantsuwarsa a 2007. A Disambar 1805 kuma, da jakadan Tunis ya zo Washington cikin azumi, Jefferson ya ɗaga lokacin liyafa zuwa faɗuwar rana. Ya kuma rubuta da tsufansa cewa dokar 1786 an yi ta ne ta haɗa har da Bayahude da Musulmi da Bahinde. Amma cewa daga Alƙur'ani ya ɗebo dokoki, wannan babu hujja a kai, kada mu yaɗa.

Akwai kuma yarjejeniyar da suka ƙulla da Turabulus, wadda majalisar dattawa ta amince da ita a 1797 ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Sashe na 11 na kwafin Turanci ya ce ba a kafa gwamnatin Amurka a kan addinin Kirista ba. Tun kafin nan, a taron North Carolina na 1788 kan amincewa da kundin tsarin mulki, wasu wakilai sun tashi suna gargaɗin cewa in aka cire sharaɗin addini, wata rana Musulmi zai iya zama shugaban ƙasa.

Anti Hauwa:
Nan ne abin ya fi yi min ciwo. Suna muhawara a kan Musulmin da suke hasashe, na can ƙetaren teku, alhali Musulmi na cikin gonakinsu suna cire musu ciyawa.

Na taɓa zuwa Monticello, gidan Jefferson da ke kan tudu a Virginia. A kan dutsen kabarinsa abu uku ya sa a rubuta: shi ya rubuta takardar shelar 'yancin kai, shi ya rubuta dokar 'yancin addini ta Virginia, shi ne uban Jami'ar Virginia. Bai ma sa shugabancin ƙasa ba. Daga wurin kabarin kuwa 'yar tafiya kaɗan ce zuwa layin da ɗakunan bayi da maƙerar ƙusa suke, inda yara maza 'yan shekara goma zuwa sha shida suke wuni suna buga ƙusa ana auna abin da kowa ya yi. Sama da mutum 600 ya mallaka a tsawon rayuwarsa. A ƙidayar farko ta 1790, cikin mutum kusan miliyan 4, kusan 700,000 bayi ne.

Kuma dokokin sun toshe kowace ƙofa. A 1662 Virginia ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, ɗan baiwa bawa ne ko waye ubansa. A 1667 ta ce baftisma ba ta 'yanta bawa. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, South Carolina ta hana koya wa bawa rubutu a 1740, ta hana su riƙe ganguna.

Maman Sadiq:
Anti, ashe akwai Musulmi a cikinsu? An san sunayensu?

Malam Mai Tarihi:
An san wasu, waɗanda alƙalami ya fito da su. Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatani daga Bundu a Senegal ta yau, ɗan gidan malamai. An kama shi kusa da kogin Gambiya, aka aske masa kai da gemu don a ɗauka fursunan yaƙi ne, aka sauke shi a Annapolis wajen 1731, aka kai shi gonar taba a tsibirin Kent. Da ya kasa aikin aka mayar da shi kiwon shanu. Yakan shiga cikin itatuwa ya yi salla, wani yaron Bature ya riƙa binsa yana watsa masa ƙasa a fuska. Ya gudu, aka kama shi aka kulle. A kurkuku wani Bature mai suna Thomas Bluett ya lura da shi: an miƙa masa giya ya ƙi, an ba shi alƙalami ya yi rubutu. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ta faɗa hannun wani babban Bature, James Oglethorpe, a Landan, aka fanshe shi, ya isa Ingila a 1733, ya rubuta Alƙur'ani da ka a can, ya koma gida a 1734.

Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, ɗan sarkin Futa Jallo, shekara kusan 40 ya yi yana bauta kusa da Natchez a Mississippi. An sake shi a 1828 zamanin Shugaba John Quincy Adams, ya rasu a Laberiya a 1829 bai kai garinsu Timbo ba, 'ya'yansa kuma suna can a hannun ubangidansa. Bilali Muhammad na tsibirin Sapelo a Georgia ya bar 'yan shafuka na Larabci a kan alwala da salla da kiran salla. Sauran dubbai, ba wanda ya rubuta sunansu.

Ɗan Damagaram:
To kun ji. Ga wanda ake watsa wa ƙasa yana sujada. Shi ya sa na ce munafunci ne.

Baban Rahila:
Zalunci ne, ba wanda zai kare shi. Whitefield ɗin da na ambata ma yana cikin waɗanda suka matsa a halatta bauta a Georgia, kuma wannan tabo ne a tarihinmu. Amma ɗan uwa, laifi tudu ne. Shi Ayuba me ya kai shi bakin kogin Gambiya? Bayi biyu ya je sayar wa Turawa. A ƙasashenmu ma an yi rinji da gandu, an yi kasuwar bayi, an kora mutane ta hamada zuwa wannan Turabulus ɗin.

Ɗan Damagaram:
Ban musa ba, Baban Rahila, kuma ya kamata mu buɗe wannan babin wata rana mu yi shi ba ɓoye-ɓoye. Amma tambayar Maman Sadiq a kan Amurka ce, kuma su ne suka rubuta wa duniya cewa an halicci dukan mutane daidai. Da ma'auninsu nake auna su.

Almajirin Ilimi:
Hausawa fa, Malam? Akwai su a ciki?

Malam Mai Tarihi:
Waɗanda tarihi ya riƙe sunayensu a Amurka ta Arewa yawancinsu daga yankin Senegal da Gambiya da Futa suke. Lokacin da yaƙe-yaƙen jihadi suka jefa Hausawa da yawa hannun masu fataucin bayi, wato daga 1804, ƙofar Amurka tana dab da rufewa, don ta haramta shigo da bayi daga 1 ga Janairu 1808, shekarar da Alƙalawa ta faɗi. Namu mutanen Bahia ta Birazil aka fi kai su. A can ne hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa a 1807, a can kuma aka yi babban tawayen Musulmi na 1835.

Cikin waɗanda suka shiga Amurka dab da rufe ƙofar akwai Umar ibn Sa'id na Futa Toro, wanda ya ce shekara 25 ya yi yana neman ilimi kafin a kama shi. An sauke shi a Charleston a 1807. Ya gudu daga hannun wani mugun ubangida, aka kama shi a Fayetteville ta North Carolina, ya riƙa rubutun Larabci a bangon kurkuku har gari ya ɗauka. James Owen ya saye shi. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, kuma da Suratul Mulk ya buɗe.

Baban Rahila:
Amma Malam, an yi masa baftisma a cocin Presbyterian, yana da Littafi Mai Tsarki na Larabci, kuma a cikin rubutun nasa ya kawo Addu'ar Ubangiji. Ni ban ga dalilin da za a ce bai karɓi bishara da gaske ba.

Malam Mai Tarihi:
Haka ne, duk suna ciki, kuma masana sun rabu biyu a kansa. Ni abin da nake dubawa shi ne, mutumin da wani ke iƙirarin ya mallake shi ya zaɓi ya fara da surar da ke cewa mulki a hannun Allah yake. Ban ɗauki wannan a matsayin katari ba. Abin da ke zuciyarsa Allah ne masani. Sai dai ni da kai za mu yarda a kan abu ɗaya: ba a taɓa ba shi halin da zai faɗi addininsa ba tare da tsoro ba. A jihar da aka yi gardama a kan Musulmi shugaban ƙasa, a nan ya tsufa yana bawa, ya rasu ana cikin yaƙin basasa, kafin a soke bauta a 1865.

Baban Rahila:
A kan wannan ba mu da saɓani, Malam.

Anti Hauwa:
Ga mai son gani da idonsa, rubutun Umar na hannu yana babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka tun 2017, kuma sun ɗora hotunan shafukan a intanet kyauta. Ba shi da tsawo. Irin rubutun Magaribi ne na yankinmu, duk wanda ya yi makarantar allo zai gane harufan. Maman Sadiq, ki nema ki ba Sadiq ya gwada karanta shafin farko, in ya haddace Tabaraka ba zai sha wuya ba.